Umarnin Sarkin Yaƙi da Gaban Kan Mayaƙa a Wasan Yaƙi na Kan Tebur: Awo da Yaƙe-yaƙen Ƙasar Haɗejiya

Tsakure

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da ake kwaikwayon arangamar runduna biyu da 'yan ƙananan mutum-mutumi, a bisa taswira ko shimfiɗar da aka siffanta ta da filin daga. Matsalar da masu tsara dokokinsa suka daɗe suna fama da ita ita ce ta umarni, domin mai wasa yana ganin fili gaba ɗaya, kuma duk rukunin da ya taɓa sai ya motsa, alhali kuwa babu sarkin yaƙin da ya taɓa samun irin wannan gata. Wannan maƙala ta auna matsalar da ma'auni biyu na gida. Na farko shi ne wasannin dara da langa, na biyu kuwa yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da farkon na 20, musamman na ƙasar Haɗejiya. An gano cewa rundunar wancan zamani taron iyayen gida ce, kowa da mutanensa da buƙatarsa, kuma umarnin sarkin yaƙi yakan raunana da zarar an gwabza. Daga nan maƙalar ta fitar da ƙa'idoji biyar da za a iya gina wasan koyar da tarihi a kansu, tare da misali daga yanayin ƙasar Kaugama.

Fitilun kalmomi: wasan yaƙi, umarni, gaban kai, dara, langa, Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya karanta labarin wani yaƙi a littafi yakan san abin da jagororin yaƙin ba su sani ba a ranar. Ya san yawan abokan gaba, ya san inda suka yi kwanto, ya kuma san yadda aka ƙare. Saboda haka hukuncinsa yakan yi tsauri: wane ya yi wauta, wane ya yi sakaci, wane matsoraci ne. Wasan yaƙi na kan tebur yana ɗaya daga cikin hanyoyin da makarantun soja da wasu sassan koyar da tarihi suke bi don gyara wannan karkata, ta hanyar zaunar da ɗalibi a mazaunin jagora. Sai dai wasan yana iya ƙara wa karkatar ƙarfi idan dokokinsa suka bai wa ɗalibin ikon da jagoran gaskiya bai taɓa mallaka ba.

Manufar wannan maƙala ita ce fito da abin da ya wajaba irin wannan wasa ya ƙunsa kafin a ce ya yi kama da yaƙin ƙasar Hausa. An yi amfani da kalmar "umarni" da nufin abin da jagora ya ce a yi, sannan "gaban kai" da nufin abin da mayaƙi ko ƙaramin jagora ya yi ba tare da an ce ya yi ba. Ya kamata a lura cewa a maganar yau da kullum "ya yi gaban kansa" zargi ne. Amma aikin da aka zarga da gaban kai idan ya ɓaci, shi ne ake kira jarunta idan ya yi kyau, har maroƙa su sa shi a waƙa. Wannan harshen damo shi ne zuciyar batun.

2.0 Wasan Yaƙi na Kan Tebur da Matsalar Umarni

Asalin wasan a siffarsa ta zamani yana komawa ga daular Furushiya ta ƙasar Jamus. A shekarar 1824 wani ƙaramin hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasar wani wasa da aka fi sani da Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci, wanda ya inganta daga abin da mahaifinsa ya fara. Ana yin sa a kan taswira, da 'yan gutattakin ƙarfe ja da shuɗi a madadin rukunonin soja, kuma kowane zagaye yana wakiltar minti biyu na yaƙi. Abin da ya fi muhimmanci a tsarin shi ne alƙalin wasa. Masu wasa ba sa taɓa rundunarsu da hannu. Rubuta umarni suke yi su miƙa wa alƙali, shi ne zai lissafa lokacin da saƙon zai ɗauka kafin ya isa, ya motsa rukunin, sannan ya faɗa wa kowane ɓangare iyakar abin da mutanensa suka gani. A shekarar 1876 Julius von Verdy du Vernois ya sassauta yawan lissafin, ya ɗora hukunci a kan ƙwarewar alƙali. Wannan tunani ya yi daidai da koyarwar Carl von Clausewitz, wanda aka buga littafinsa kan yaƙi a 1832 bayan rasuwarsa, inda ya nuna cewa ƙananan cikas da ke taruwa a fagen fama su ne suke raba yaƙin gaske da yaƙin takarda.

Da wasan ya fita daga bariki ya zama abin nishaɗi, sai alƙali ya fara ɓacewa. A littafin Little Wars na marubucin Ingila H. G. Wells, wanda ya fito a 1913, 'yan wasa biyu ne suke jera sojojin dalma a daɓe suna harbinsu da 'yar igwar wasan yara. Kowa yana ganin komai, kowa yana motsa komai. Masu tsara dokoki na baya sun nemi hanyar mayar da cikas cikin wasan ba tare da alƙali ba. Dokokin The Sword and the Flame na 1979, waɗanda aka yi don yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, sun sa ana jan katin karta don sanin ɓangaren da zai motsa rukuni, ja na Turawa, baƙi na abokan karawarsu. Dokokin De Bellis Antiquitatis na 1990 kuwa sun bai wa kowane ɓangare rukuni 12, kuma a farkon kowane zagaye ana jefa ɗan ludo mai fuska shida. Adadin da ya fito shi ne yawan umarnin da jagora zai iya bayarwa a wannan zagaye. Rukunin da ya yi nisa da jagora yana cin umarni fiye da na kusa, sannan wasu nau'o'in mayaƙa, kamar barade masu sulke, dole ne su bi abokin gaba idan ya ja da baya, ko mai wasa ya so ko bai so ba.

Ke nan an sami hanyoyi uku na taƙaita ikon mai wasa: a jinkirta umarninsa, a rage yawansa, ko a bar rukuni ya yi abin da ba a umarce shi ba. Abin da waɗannan dokoki ba su cika tambaya ba shi ne dalilin da ke sa mayaƙi ya bi ko ya ƙi bi a wata al'umma ta musamman. Amsar wannan tana cikin tarihi da al'adar al'ummar.

3.0 Dara da Langa a Matsayin Ma'auni

Bahaushe yana da wasanni biyu da suka tsaya a ƙarshe biyu na wannan matsala. Dara ana yin ta a gurabu 30, jeri biyar na shida-shida, waɗanda akan haƙa a ƙasa a gindin bishiya. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙi tsakuwa, wancan ya riƙi tsinke. Bayan an gama zuba 'ya'ya, ana gusar da ɗa gurbi ɗaya a kowane motsi, kuma wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin wasansa ɗaya. A dara babu ɓoyayyen abu, babu sa'a, babu ɗan da zai ƙi tafiya. Duk asarar da aka yi daga kan mai wasa ta fito, shi ya sa idan dabarar mutum ta juyo kansa ake cewa dara ta ci gida. Dara tana koyar da hangen nesa da haƙuri, amma siffar umarnin da ke cikinta ita ce wadda ba ta taɓa aukuwa a filin daga ba.

Langa kuwa tana ɗaya ƙarshen. Samari sukan rabu gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu yana tsalle da ɗayar, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. A nau'in da ake kira ruwa, kowane gida yana da ɗan wasa ɗaya da ake so ya kai ga wurin sha, 'yan gidansu suna kare shi, abokan gaba suna neman kayar da shi. Kafin a fara akan yi shawara, a ce wane ya tare wane, wane ya buɗa wa ruwa hanya. Da zarar an cakuɗe, shawarar ta zama tarihi. Kowa yana duba abin da ke gabansa ya yanke hukunci a cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ya haɗa su kawai shi ne sanin manufa ɗaya, wato ruwa ya sha. Wannan ya fi kusa da yadda ake yaƙi a ƙarni na 19, inda aikin jagora mafi girma yake ƙarewa kafin a haɗu, wato zaɓar wuri da lokaci da jera sahu.

4.0 Tafiyar Umarni a Rundunar Ƙarni na 19

4.1 Tsarin Tara Runduna

Kamar yadda Smaldone (1977) ya nuna a nazarinsa kan yaƙi a Daular Sakkwato, masarautu ba su dogara ga babbar runduna ta dindindin ba. Idan yaƙi ya taso, sarki yakan aika wa hakimai da manyan bayinsa, kowa ya zo da barorinsa da bayinsa da talakawan ƙasarsa. Akwai sarautun da aka san su da yaƙi, irin su Madawaki da Sarkin Yaƙi da Jarma da Barde da Sarkin Baka, akwai kuma rabe-raben mayaƙa: 'yan lifida, 'yan sulke, sauran mahaya, 'yan baka, dakaru masu takobi da garkuwa, da 'yan bindiga waɗanda suka ƙaru a ƙarshen ƙarnin. Abin lura shi ne, baran hakimi dokin ubangidansa yake hawa, tuwon gidansa yake ci, kuma idonsa yana kan rawaninsa. Umarnin sarkin yaƙi ba ya isa gare shi sai ta bakin wannan ubangida. Idan ubangidan ya ja linzami, mutanensa duka sun ja, idan kuma ya faɗi, sau da yawa rukuninsa ya watse.

4.2 Hanyoyin Isar da Umarni

Hanyoyin da jagora yake da su kaɗan ne. Akwai ɗan aike a kan doki, wanda ke ɗauke da saƙon baka, yana iya ɓata, yana iya mantawa, ana iya harbe shi. Akwai sauti, wato tambari da kakaki da ƙaho da sauran kayan kiɗan sarauta, waɗanda ke sanar da inda sarki yake da kuma 'yan saƙonni gama-gari, amma ba sa iya cewa wane ya karkata hagu ya tsaya a bakin kwari. Akwai tuta, wadda take nuna cibiyar runduna matuƙar ƙura ba ta rufe ta ba. Duk waɗannan suna aiki sosai kafin sukuwa, suna kuma raunana bayanta.

4.3 Ganima da Zuga

Abubuwa biyu ne suka fi tura mayaƙi ya yi gaban kansa. Na farko ganima. Bisa shari'a ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, saura na mayaƙa ne, kuma ga talakan da ya bar gonarsa ya fito, ganimar ita ce ladan wahalarsa ta duniya. Na biyu zuga. Makaɗi ko maroƙin da ya kira jarumi da kirarinsa a gaban tsararsa ya ɗora masa bashin da ba ya biyuwa sai da kutsawa. Masu nazarin adabin baka sun saba kallon zuga a matsayin salo, amma a filin daga umarni ce ta biyu, wadda wani lokaci takan fi ta sarkin yaƙi ƙarfi.

Tarihin jihadi da kansa ya bar misali bayyananne. A ƙarshen shekarar 1805, a kan hanyar da ta kai ga yaƙin Alwasa, wasu daga cikin mayaƙan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun afka wa garin Kwalde, wanda ke zaman amana da su, ba da son jagororinsu ba. Abdullahi Ɗanfodiyo da Muhammadu Bello sun ga ya kamata a koma, amma ra'ayin ci gaba, wanda Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo yake kai, ya rinjaya. Aka gamu da rundunar Gobir da ƙawayenta a Alwasa, jama'a suka yi mummunar asara, suka ja da baya zuwa Gwandu inda suka sami tsayawa. Idan malamai irin waɗannan, a farkon zafin jihadi, ba su iya riƙe mayaƙansu a kowane lokaci ba, to wasan da ke nuna rundunar masarauta tana motsi kamar 'ya'yan dara ya yi nisa da gaskiya.

5.0 Shaidar Ƙasar Haɗejiya

5.1 Yanayin Ƙasa

Kaugama ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, tare da Haɗejiya da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Malam Madori. Tana yamma da birnin Haɗejiya, a yankin da jigayin rairayi suke cuɗanya da fadamun Kogin Haɗejiya. Wannan cuɗanya tana da tasiri kai tsaye a kan umarni. Doki yana gudu a kan jigawa, yana kafewa a lakar fadama. Kogin yana rarrabuwa zuwa rassa da tafkuna, ta yadda rukunoni biyu za su iya hango juna amma ɗan aike ya yi dogon zagaye kafin ya sami mashigi. Baƙon mayaƙi yana buƙatar ɗan jagora, shi kuwa ɗan ƙasa ya san inda ruwa ya janye a wannan shekara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka kuma duk mai son siffanta wannan fili a kan tebur dole ya tuna cewa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ambaliya take sauka, sannan ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Taswirar yau ba za ta zama taswirar zamanin Buhari ba sai an yi mata gyara da bayanan dattawan yankin.

5.2 Gamon Kaffur

Buhari ɗan Sambo ya hau sarautar Haɗejiya a 1848. Bayan kisan Sarkin Auyo Nalara da ƙin amsa kiran Sakkwato, an tuɓe shi a 1850 aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. A 1851 ya dawo ya ƙwace sarautar, Ahmadu ya rasa ransa, Haɗejiya ta fita daga biyayyar Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A 1853 aka haɗa gayyar runduna daga masarautu da dama, Galadiman Kano Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano, yana kan gaba. Buhari ya shammace su a Kaffur, kusa da birnin Haɗejiya, rundunar ta watse. Daga nan ya ci gaba da mulki da kai hare-hare, musamman a gabashin ƙasar Kano, har ya rasu a 1863 a yaƙinsa da Badawa a Gogaram.

Idan aka shirya wannan gamo a kan tebur da dokoki irin na dara, ɓangaren gayya zai ci kusan kullum, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sakamakon tarihi ba ya fitowa sai an shigar da bambancin umarni. A gefe ɗaya akwai runduna mai kawuna da yawa, kowane rukuni da nasa sarki ko wakilin sarki, a ƙasar da ba tasu ba. A ɗaya gefen akwai runduna mai kai ɗaya, wadda ta dogara sosai ga manyan bayin sarki da makomarsu ke ɗaure da tasa, a ƙasar da suka sani. Shammata tana kashe umarni kafin ta kashe mutane, domin a ɗan lokacin da sarkin yaƙi yake buƙata don ya fahimci abin da ke faruwa ya aika, kowane ubangida ya riga ya yanke nasa hukunci, kuma hukuncin da ya fi sauƙi ga wanda ya zo taya wani faɗa shi ne ya tsira da mutanensa. Yaƙi ɗan zamba ne, in ji Hausawa, kuma zambar ta fi cin rundunar da maganar jagoranta take bin bakuna da yawa kafin ta isa.

5.3 Shekarun 1903 da 1906

Zuwan Turawa ya kawo runduna mai wani tsarin umarni dabam, sojan albashi da aka horar ya tsaya a sahu mai kusurwa huɗu, ya yi harbi da ƙarar bigila ko muryar hafsa. A Fabrairun 1903, Sarkin Kano Alu ya bar rundunarsa da dare a kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Gari ya waye runduna ba kai, sai ta rabu. Waziri Ahmadu ya ja wani ɓangare ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi inda ya rasu, Wambai Abbas ya ja saura zuwa Kano. A ranar 25 ga Afrilu, 1906, rundunar Kanar Lowry Cole ta afka wa Haɗejiya, aka shafe sa'o'i ana faɗa a cikin birni har zuwa fada, Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasu tare da manyan mutanensa da yawa. A irin wannan faɗa na lungu-lungu babu tambarin da zai tsara kowa, abin da ya tsayar da mutane shi ne amanar da ke tsakaninsu da sarkinsu.

Kada kuma a ɗauka tsarin Turawa ba ya karyewa. A Satiru, kusa da Sakkwato, a Fabrairun wannan shekara ta 1906, talakawa masu gatura da fartanyu sun cim ma sojan doki na Turawa kafin su gama ɗaura sahunsu, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Dokar wasan da ta ba wa ɓangare ɗaya cikakkiyar biyayya, ta mayar da ɗayan gungun mutane marasa tsari, ta gaji ra'ayin rahotannin mulkin mallaka ne kawai.

6.0 Ƙa'idojin da Nazarin Ya Fitar

A ɗauka malami yana son shirya wasa ga ɗalibansa a kan fili irin na kudancin Kaugama, da jigawa da fadama da reshen kogi mai mashigi biyu. Bisa abin da ya gabata, ƙa'idoji biyar ne za su kusantar da wasan ga gaskiya.

Ta farko, a raba sarakunan yaƙi biyu da tebur. Kowa ya zauna a ɗaki dabam da 'yar taswirarsa, kada ya san komai sai abin da 'yan leƙen asiri da 'yan aike suka kawo masa. Ta biyu, umarni ya tafi da baki ta hannun ɗalibin da ke matsayin ɗan aike, alƙalin wasa kuma ya jinkirta shi gwargwadon ƙasa, misali zagaye ɗaya a jigawa, uku a fadama. Sauyin da saƙo zai yi a bakin ɗan aike darasi ne da kansa. Ta uku, a ba tambari saƙonni kaɗan, kamar taruwa da afkawa da ja da baya, kuma duk wanda ke kusa ya ji, har abokin gaba. Ta huɗu, kowane rukuni ya kasance a hannun ɗalibin da ke matsayin ubangida, a ba shi takardar sirri mai ɗauke da buƙatarsa: wannan yana neman ganima, wancan yana jin haushin wanda aka fifita a kansa, wani kuma hankalinsa yana kan shuka domin hadari ya fara haɗuwa. A auna nasararsa da buƙatar tasa tare da nasarar runduna. Ta biyar, a ba alƙali ikon tura rukuni gaba ba da umarni ba, idan an zuga jaruminsa ko ya hango garke ko sansanin da ba mai tsaro, da ikon watsa shi idan ubangidansa ya faɗi.

Akwai abubuwa biyu na al'ada da ya kamata a kula da su. Ɗaya shi ne ɗan ludo, wanda mutane da yawa suke dangantawa da caca, kuma malaman addini suna da magana a kansa. Tsarin da ya dogara ga hukuncin alƙali, irin na Verdy du Vernois, yana kauce wa wannan, ga shi kuma ya fi dacewa da aji, tun da alƙali zai bayyana hujjar kowane hukunci bayan an tashi. Na biyu shi ne nauyin abin da ake kwaikwaya. Yaƙe-yaƙen zamanin Buhari sun rusa garuruwa irin su Marma, sun jefa mutane cikin bauta, kuma jikokin ɓangarorin duka suna zaune tare a yau. Ya dace takardar sakamakon wasa ta ƙidaya ƙauyukan da aka tasa da gonakin da aka bari, kamar yadda take ƙidaya dawakin da aka kama.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ingancin wasan yaƙi na kan tebur yana rataye ne a kan yadda ya siffanta tazarar da ke tsakanin abin da jagora ya faɗa da abin da mayaƙa suka aikata. Dara ta shafe wannan tazara, langa ta bayyana ta, tarihin Alwasa da Kaffur da Kwatarkwashi kuma ya nuna abubuwan da suke faɗaɗa ta a ƙasar Hausa: biyayya ga ubangida, raunin hanyoyin saƙo, yanayin ƙasa, ganima da zuga. Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne tattara kalmomin dara da langa na yankin Haɗejiya, da kirarin mayaƙanta, da sunayen mashigai da tsofaffin hanyoyin fadama daga bakin dattawan Kaugama da Auyo da Kafin Hausa, domin da waɗannan ne za a rubuta dokokin wasan da Hausa. Ɗalibin da ya taɓa zama a ɗaki yana jiran ɗan aiken da bai dawo ba zai sake karanta labarin Galadima Abdullahi a Kaffur da wani ido dabam.